Alƙawuran 'yan hagu da kuɗin da Jamus ta kashe kan 'yan Siriya: wa ya biya?

Baban Hanifa (Hamburg):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ina da magana, a yi mini uzuri idan ta yi zafi. Jiya da yamma na je duba wani gida mai ɗaki uku a Wilhelmsburg. Daga wurin aiki na wuce, ko abinci ban tsaya ci ba, na tarar da layi tun daga ƙofar gidan har ƙasan matakala. Na ƙirga mutum arba'in da ɗaya, kowa riƙe da takardunsa kamar masu neman biza. Shi ne gida na goma sha tara da na duba cikin shekara biyu. Mu biyar ne a ɗaki biyu, Hanifa sai an kwashe kwanuka take samun teburin da za ta yi aikin makaranta.

A watan Fabrairun 2025 na jefa ƙuri'ata ta farko a nan Jamus, na ba jam'iyyar 'yan hagu ta Die Linke, saboda sun ce za su ɗaure kuɗin haya, su kai mafi ƙarancin albashi yuro 15 a awa, su cire haraji daga kayan abinci. To jiya a kan layin nan, da na ji Larabci ta gabana da ta bayana, wani tunani ya zo mini wanda ni kaina ban ji daɗinsa ba. Ta yaya jam'iyya za ta ce za ta ba talaka gida mai araha, kuma ta ce a bar ƙofa a buɗe kowa ya shigo? Kuɗin da aka kashe kan 'yan Siriya shekara goma, da gidaje aka gina da su fa? Allah ya sani ba ƙiyayya ba ce, ni ma baƙo ne. Lissafi nake tambaya.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Wa'alaikumussalam. Barka da farkawa, ƙanena. Tun kafin zaɓe na gaya muku romon baka ne. Ɗan siyasar hagu kamar mai gayyar biki ne da ba shi da tukunya, ya gayyato gari ya ce maƙwabci ya dafa. Mu da muke kai haraji duk wata uku mu ne maƙwabcin.

Maman Ilham (Essen):
Alhaji, da girmanka, wa ya yi gayyar? Shugabar gwamnati Merkel ce ta fito ranar 31 ga Agusta 2015 ta ce za mu iya. 'Yar CDU ce ta masu ra'ayin riƙau, jam'iyyar da ka hana mu barci da tallarta a gidan nan.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Da SPD ta 'yan hagu masu sassaucin ra'ayi take mulki lokacin, Hajiya. Kuma CDU ta gane kurenta ta dawo hanya. Su kuwa har gobe waƙar ɗaya ce.

Ɗalibin Leipzig:
Yaya Baban Hanifa, tunda lissafi ka tambaya, bari in kawo abin da na sani, don a kan wannan nake karatu.

A 2015 masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shigo Jamus, kuma ba duka 'yan Siriya ba ne, akwai 'yan Afganistan da Iraƙi da sauransu. 'Yan Siriya da ke ƙasar, waɗanda ba su karɓi fasfo ba, sun kusa miliyan ɗaya. Daga 2016 gwamnatin tarayya tana rubuta sama da yuro biliyan 20 a shekara a matsayin kuɗin da ya shafi 'yan gudun hijira. Kuɗi ne mai yawa, babu mai musu, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu nauyin daban. Sai dai wajen kashi ɗaya bisa uku na wannan adadi ba ya ko sauka a Jamus, ana kashe shi ne a waje da sunan magance abin da ke koro mutane daga ƙasashensu.

Ga inda nake so ka duba. A shekarun nan gwamnati ba ta cikin rashi. A 2015 tarayya ta rufe shekara da rarar wajen biliyan 12, kuma har zuwa 2019 ba ta ci sabon bashi ba. Ministan kuɗi Schäuble ya yi ta alfahari da haka. Ke nan ba a taɓa zama aka ce ga kuɗin gidan Baban Hanifa, a ɗauka a ba ɗan Aleppo ba. Kuɗin gina gida suna nan, ba a gina ba ne kawai. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi sun haura miliyan 2 a 2006, yanzu da kaɗan suka ɗara miliyan 1. Sun fara raguwa tun kafin a harba harsashi ɗaya a Siriya, domin kowane irin gidan nan yana da wa'adi, idan ya cika sai ya koma kasuwa, mai shi ya sa farashin da ya ga dama.

Baban Hanifa (Hamburg):
Na ji, ƙanena. Amma ko babu wanda ya ɗauki kuɗina, ai mutum miliyan ɗaya ba a iska suke kwana ba.

Ɗalibin Leipzig:
Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce maka ba su ƙara cunkoso ba, yaudararka yake. Sun ƙara. Daga 2022 'yan Yukren sama da miliyan ɗaya suka zo suka ƙara a kai.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Yawwa. Yaro ya fara faɗin gaskiya. Ka ƙarasa mana, mutum nawa ne cikin 'yan Siriyan ke karɓar Bürgergeld, tallafin gwamnati ga marasa aiki? Yuro 563 a wata a 2025, a biya maka haya, a biya maka ɗumama ɗaki. Yaran da nake ɗauka lodin mota suna tashi tun asuba cikin sanyi, idan sun cire haya abin da ke saura a hannunsu bai taka kara ya karya ba. Ku dubi asusunmu na jana'iza a gidan nan. Kowa ya rubuta suna, amma idan aka zo karo-karo fuskokin nan dai su ne. Ƙasa ma haka take. Idan masu ɗiba suka fi masu zubawa, wata rana za a buɗe akwati a tarar da iska.

Ɗalibin Leipzig:
Kusan rabin miliyan ne, Alhaji, amma har da yara, kuma har da masu aiki da albashinsu bai isa ba ake cika musu. Cibiyar bincike ta IAB ta bi sawun waɗanda suka shigo a 2015, ta ce kimanin kashi 64 cikin 100 suna aiki. Maza wajen kashi uku bisa huɗu, mata wajen kashi ɗaya bisa uku. Gurbin yana wajen mata ne.

Maman Ilham (Essen):
To bari in gaya muku yadda gurbin matan yake, tunda ni nake gani da idona.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wata 'yar Homs, muna dare tare. Malamar lissafi ce a garinsu, shekara goma sha ɗaya tana koyarwa. Da ta zo, shekara biyu tana jiran gurbi a ajin koyon Jamusanci mai wurin ajiye yaro, don ƙaramin nata yana goye. Ta samu ta gama, ta kai takardunta, aka ce ba su isa ta koyar ba. Yau ita ce ke juya tsohuwa a gado ƙarfe uku na dare, ta canza mata ƙunzugu, ta shafa mata mai a baya don kada ta yi gyambo. Akwai wani tsoho da ba ya cin abinci sai ita ta ba shi, idan ba ta zo ba sai ya rufe baki gam. Albashinta ana cire haraji da kuɗin fansho kamar nawa. A lissafin Alhaji, shekarun da ta yi tana jira ɗiba take yi. Ni kuwa na ce ƙasar ce ta yi asarar malamar lissafi, alhali kullum kuka suke ba su da malamai.

Kuma ku shiga asibitocin ƙananan garuruwa ku gani. Cikin likitoci baƙi a Jamus 'yan Siriya ne suka fi yawa, sun haura dubu biyar. Jamus ba ta kashe ko sisi kan karatun mafi yawansu ba. Wannan ba a sa shi a lissafi.

Ɗan Zango (Dortmund):
Salam. Ni ba na yawan magana a nan amma yau sai na yi. Kowa yana ta Siriya Siriya. Mu fa? Ni daga Kumasi na fito, na bi ta Libya, na shigo ƙasar nan kafin su. Da yake an rubuta Ghana cikin ƙasashen da ake cewa lafiya lau suke, takardata ba ta yi nisa ba aka ƙi ta. Shekara bakwai ina riƙe da Duldung, takardar ɗaga ƙafa, duk wata uku ko shida in je a buga hatimi, ma'aikacin ko ɗago kai ba ya yi. A ƙarshen 2015 aka buɗe ajin koyon harshe ga 'yan Siriya da Iraƙi da Iran da Eritiriya tun ba a gama duba takardunsu ba. Ni na je aka ce ba na cikin masu makoma a nan. Wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi a sansani yau yana da fasfo, ya kawo matarsa da 'ya'yansa. Ni uwata ta rasu ban ga gawarta ba.

Ba na jin haushinsa, mutumin kirki ne, har yau muna gaisawa. Amma kada wani ya zo ya ce mini 'yan hagu suna son baƙi. Suna son baƙin da aka nuna a talabijin.

Maman Ilham (Essen):
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Wallahi ban san haka abin ya kasance ba.

Baba Na-Kano (Hamburg):
Allah ya jiƙanta, ɗana. Maganarka akwai ƙamshin gaskiya. Mu da muke garin nan mun ga 2013, lokacin da yaran Afirka ta Yamma kimanin 300 da yaƙin Libya ya koro ta Lampedusa suka zo suna kwana a titi, har cocin St. Pauli ta buɗe wa wasunsu ƙofa. Gwamnatin garin ta SPD ce a lokacin, magajin gari Olaf Scholz, kuma ba ta yarda ta ba su izinin zama a dunƙule ba. Don haka a daina haɗa SPD da Die Linke da Grüne ta masu kare muhalli a buhu ɗaya, ba su taɓa zama abu ɗaya ba.

Ni na girma a gidan 'yan NEPU, na yi PRP da ƙuruciyata. Da Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali, mun yi murna har muka kwana muna kiɗa. Alƙawari ne aka yi, aka cika. Amma ko a lokacin akwai dattawan da suka tambaya, to da me za a cike gurbin? Amsar ita ce kuɗin mai daga Legas. Da farashin mai ya faɗi kowa ya ji a jikinsa. Abin da na koya, idan ɗan siyasa ya ce zai ba ka, kada ka tambaye shi ko yana sonka. Tambaye shi aljihun wa zai taɓa, kuma ko yana da ƙarfin taɓawa.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Allah ya ja kwana, Baba. Ai aljihun nawa ne, shi ya sa nake ihu.

Ɗalibin Leipzig:
Alhaji sai dai idan ka ɓoye mana wani abu, harajin dukiyar da Die Linke ke magana daga yuro miliyan ɗaya yake farawa.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Kai yaro ka kiyaye ni.

Ɗalibin Leipzig:
Tuba nake. Amma tambayar Baba ita ce ainihin wurin, kuma a nan ni ma ba zan kare su ba. Tun 1997 ba a karɓi harajin dukiya a Jamus ba, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 1995. SPD ta shugabanci gwamnati daga 1998 zuwa 2005, ta sake daga 2021 zuwa 2025, ba ta dawo da shi ba. Die Linke kuwa kashi 8.8 ta samu a zaɓen Fabrairu, ba ta cikin gwamnati, mai kashi 8.8 yana iya alƙawarin komai tunda ba za a kawo masa takardar biya ba.

Inda suka riƙe mulki ma akwai abin faɗa. A 2004 gwamnatin Berlin ta SPD da PDS, wadda daga cikinta Die Linke ta fito, ta sayar da kamfanin gidaje na GSW, gidaje kimanin 65,000, ga 'yan kasuwa. Daga baya suka kawo dokar ɗaure haya a 2020, kotun tsarin mulki ta rushe ta a Afrilu 2021, ta ce ba hurumin jiha ba ne. Gwamnatin tarayya ta Scholz ta yi alƙawarin sabbin gidaje 400,000 kowace shekara, ba ta taɓa kai 300,000 ba. Abin da suka cika shi ne mafi ƙarancin albashi, sun kai shi yuro 12 a awa a Oktoba 2022. Shi ma ka lura, ba daga baitulmali ake biyansa ba, mai kamfani ne ke biya. Alƙawarin da sai gwamnati ta zaro kuɗi ta aza bulo, nan ne suke sanyi.

Baban Hanifa (Hamburg):
Ke nan kana cewa na zubar da ƙuri'ata.

Ɗalibin Leipzig:
Ban ce ba. Cewa nake an karɓi mutane ba a gina musu wuri ba, sai aka bar ka da su a kan matakala ɗaya ku yi ta kallon juna.

'Yar Diffa (Köln):
Ku yi haƙuri in shigo. Ni idan na ji ana cewa Jamus ta gaji dariya take ba ni. A garinmu, lokacin da Boko Haram ta koro mutane daga Damasak da Malam Fatori suka tsallako kogin Komadugu, ba wanda ya tsaya lissafin biliyan. A gidanmu kaɗai iyali biyu suka sauka, babana ya fitar da buhunan gero daga ɗaki aka shimfiɗa musu tabarma. Nijar ce fa, da ba ta da komai. Labanan da ba ta kai girman wasu jihohin Jamus ba ta ɗauki 'yan Siriya wajen miliyan ɗaya. Turkiyya ta kai miliyan 3.6.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
'Yata, Allah ya saka wa babanki da alheri. Amma a Diffa wanda ya sauka tabarma yake samu da abin da aka dafa. Ba wanda ya yi masa alƙawarin inshorar lafiya da makaranta da kuɗin wata. Saukar baƙo a inda gwamnati ba ta ba kowa komai ba ta da tsada. A nan kowane kai da farashinsa.

'Yar Diffa (Köln):
Ba ta da tsada ga gwamnati. Mu da muka koma cin abinci sau biyu mun san tsadarta.

Maman Ilham (Essen):
Alhaji, idan araha kake so, ai an samu damar. A ƙarshen 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta dakatar da katin abinci na 'yan Siriya miliyan 1.7 a ƙasashen maƙwabta saboda babu kuɗi. A 2015 a Labanan aka rage shi ya koma dala 13 da rabi ga mutum a wata. Wata guda fa. Abokiyar aikina a can take lokacin, ta ce ranar da saƙon ragin ya shigo wayarta ce mijinta ya fara neman mai jirgin ruwa. An ƙi biyan kaɗan a can, aka zo aka biya mai yawa a nan, sannan a Maris 2016 aka yi wa Turkiyya alƙawarin yuro biliyan 6 ta tare hanya.

Direban Dare (Frankfurt):
Duk wannan tarihi ne. Assad ya faɗi tun 8 ga Disamba 2024. Yaƙi ya ƙare, su koma su gina ƙasarsu, gidaje su samu. Ko Denmak, a ƙarƙashin mulkin 'yan hagu, ta daɗe da fara janye wa 'yan Damaskus takarda. Tsohuwar jigonsu Sahra Wagenknecht ma ai saboda irin wannan ta bar Die Linke. Kuma kada a manta da harin da wani ɗan Siriya ya kai a garin Solingen.

Mai Kula da Gida:
Direba, a tsaya kan batun kuɗi da alƙawari. Wanda ya kashe mutane a Solingen shi ya yi laifinsa, ba za mu ɗora wa al'umma guda ba, mu ma mun san yadda ake ji idan aka yi mana haka. Gargaɗi na farko.

Baba Na-Kano (Hamburg):
Ɗana Direba, wanda ke cewa ɗan Siriya ya tattara, ka tabbata idan ya gama da shi zai tsaya? AfD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, ta samu kashi 20.8 a zaɓen 2025, kuma a idon da yawa cikin masu zaɓenta ni da kai da ɗan Homs duk ɗaya ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san sauran.

Direban Dare (Frankfurt):
Baba ni ban zaɓi AfD ba, kuma ba zan zaɓa ba. Amma tsoronsu ba zai sa in ce ba na ganin abin da nake gani ba.

Ɗalibin Leipzig:
Ba a ce ka rufe ido ba. Su wa za su koma? A 2023 kaɗai 'yan Siriya sama da 75,000 suka karɓi fasfon Jamus, a 2024 sama da 80,000. Waɗannan Jamusawa ne kamar Yaya Baban Hanifa. Wasu za su koma da kansu, suna ma komawa. Amma wanda ya fi sauƙin tafiya shi ne mai sana'a a hannu, wato wanda Alhaji yake so ya zauna ya biya haraji.

Abu ɗaya kuma da ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ana cewa dokar taƙaita cin bashi ta hana, babu kuɗin gida, babu kuɗin makaranta, har gwamnatin Scholz ta watse a Nuwamba 2024 kan rigimar kasafi. A 2022 cikin 'yan watanni aka samo biliyan 100 na soja. A Maris 2025, ko rantsar da Merz na CDU a matsayin shugaban gwamnati ba a yi ba, aka gyara tsarin mulki aka buɗe asusun biliyan 500 na ayyukan raya ƙasa, aka kuma sassauta wa kuɗin tsaro. Duk bashi ne. Ashe ana iyawa. Mu kuma muna nan an bar jaki muna dukan taiki.

Alhaji Mai Kwantena (Bremen):
Bashin nan ma ban goyi bayansa ba, ka rubuta ka ajiye. Merz ya ba ni kunya a nan. 'Ya'yanmu ne za su biya.

Maman Ilham (Essen):
Alhamdulillah, yau Alhaji ya soki CDU. A buga a jarida.

Baban Hanifa (Hamburg):
Na karanta duka. Ɗalibi ya rage mini zafi a wani wuri ya ƙara mini a wani. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya: jam'iyyar da ta ce a karɓi mutane, wajibi ne ta faɗi gida nawa za ta gina, a ina, da kuɗin wa, kafin su iso. Idan ba ta faɗa ba to da wuyana ta yi alherin, ba da nata ba. Masu tsara abin ba su taɓa tsayawa layin duba gida ba.

Baba Na-Kano (Hamburg):
Baban Hanifa, yanzu na tuna. Maƙwabcina na hawa na biyu, ɗan Hama ne mai gyaran firji, ya yanke shawarar komawa, ƙarshen wata mai zuwa zai bar gidan. Ɗaki uku ne da baranda. Na sauka na tambaye shi yanzun nan. Ya ce yana biyan 780, amma mai gidan ya gaya masa idan ya fita zai yi fenti ya canza bahon wanka, sabon shiga 1,150 zai biya, ban da wuta da ruwa.

Baban Hanifa (Hamburg):
Innalillahi. Fenti da baho ne 370?

Baba, turo mini lambar mai gidan ta bayan fage. Zan zauna da Maman Hanifa da daddare mu ga ko zan ƙara aikin Asabar.